MATAR MUTUM KABARINSA: YADDA KYARKECI YA ZAMA ANGO A LITTATTAFAN TURAWA

A zamanin da, mutanen Turai suna matuƙar tsoron mutumin da aka ce yana rikiɗa da dare ya zama kyarkeci, kamar dai yadda a ƙasar Hausa ake ba da labarin masu rikiɗa su zama kura. Tsoron kuwa bai tsaya ga tatsuniya ba. A cikin 1589, a garin Bedburg na ƙasar Jamus, an kama wani manomi wai shi Peter Stumpp, aka yi ta gana masa azaba har ya amsa cewa Shaiɗan ne ya ba shi wata ɗamara wadda in ya ɗaura sai ya rikiɗa. Aka kashe shi a bainar jama'a.

To, yau ga shi wannan dodo ya zama ango. A cikin 2001 wata marubuciya 'yar Kanada, Kelley Armstrong, ta fitar da littafinta Bitten, inda mai rikiɗar mace ce da ke fama da zuciyarta. Amma wadda ta buɗe kasuwar sosai ita ce Stephenie Meyer ta Amurka, da jerin littattafan Twilight guda huɗu da suka fito daga 2005 zuwa 2008, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 100. Daga nan fa marubuta suka yi ca a kan wannan hanya.

Ginshiƙin irin waɗannan labarai ɗaya ne. Kowane mai rikiɗa yana da abokiyar zama guda tak wadda aka ƙaddara masa tun kafin a haife shi, kuma da ya ji ƙanshinta zai gane ta. Galibi yarinyar marainiya ce ko wadda danginta suka wulakanta, shi kuwa namijin shi ne shugaban garke, wanda suke kira Alfa, watau sunan harafin farko na Girkanci. Yana da ƙarfi da dukiya da zafin kishi, maganarsa kuwa yankan wuƙa ce. In ɗayansu ya ƙi ɗaya, sai ciwo mai tsanani ya kama su duka biyu.

Ba abin mamaki ba ne da mata suka fi kowa son waɗannan littattafai. Ga miji wanda ba ya iya saki, ba ya iya yin kishiya, ba ya ko iya ɗaga ido ya dubi wata. Wadda ta ɗanɗana zafin yaudara ta san darajar irin wannan alkawari. 'Yan kasuwa ma sun gane haka. A manhajojin wayar hannu irin su Dreame da GoodNovel ana ba mai karatu babi kaɗan kyauta, sa'an nan ya riƙa biya babi babi, labarin kuwa yakan kai babi ɗaruruwa. Cikin masu rubuta musu da Turanci har da 'yan Nijeriya.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Duk halin fin ƙarfi da Alfa ke nuna wa yarinya, littattafan kan ce ai ɗabi'ar kyarkeci ke nan. Wannan magana ta samo asali ne daga binciken Rudolf Schenkel na 1947, wanda ya yi a gidan ajiye namun daji na birnin Basel, inda aka tsare kyarketai da ba dangin juna ba a wuri guda, suka yi ta faɗa a kan girma. Wani masani Ba'amurke, David Mech, ya baza wannan ra'ayi cikin littafinsa na 1970. Amma bayan ya shafe bazara 13 yana lura da kyarketai a tsibirin Ellesmere na Kanada, sai ya fito a 1999 ya warware maganarsa. Ya nuna cewa garken kyarkeci a daji iyali ne kurum, uwa da uba da 'ya'yansu, ba wanda ya ci sarauta da cizo. Har ya yi shekaru yana roƙon a daina buga tsohon littafin nasa.

Ashe ke nan Alfan nan mai tsawa ɗan kurkuku ne, ba ɗan daji ba.

Haka kuma ƙaddarar da ake ƙawata labarin da ita tana da nata illa. A littafi na ƙarshe na Twilight, saurayi Jacob ya sami wadda aka ƙaddara masa tana jaririya sabuwar haihuwa, abin da ya jawo suka mai yawa. Hausawa kan ce matar mutum kabarinsa, amma duk da haka sai an je zance, an nemi yardar yarinya, manya sun yi bincike. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 marubutan soyayya na Kano suke yaƙi da auren dole. Idan 'yan matan da suka tashi da waɗannan littattafai suka koma sha'awar namijin da ba a isa a ce masa a'a ba, don kawai an ce wata ne a sama ya haɗa su, to, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.