Kasuwar Tsuntsaye a Bakin Dam

Duk wanda ya iya cin kasuwar ƙauye irin ta Getso ya riga ya iya kallon tsuntsaye, ko da bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba. Ilimin ɗaya ne: ka yi sammako, ka san inda kowa ke kasa kayansa, ka bambance ɗan gari da baƙo. Ba kuwa sai an tafi Baturiya ta Jigawa ko Dagona ta Yobe ba. Dam-dam ɗin da aka gina don noman rani da ruwan sha a ƙasashen Kabo da Gwarzo, wato Guzu-Guzu da Magaga da Pada, da babbar madatsar Challawa ta Ƙaraye da aka kammala a 1992, duk sun zama kasuwannin da ke ci kullum.

Ka isa bakin ruwa bayan sallar asuba, ka bi gaɓa a hankali kamar mai zaga rumfuna. Zalɓe ne farkon buɗe rumfa. Yana tsaye cikin ruwa marar zurfi, ba ya talla, ba ya kiran kowa, kamar dattijon da ya san mai saye zai zo. Kifi na giftawa sai ka ga wuya ya miƙe, ciniki ya faɗa. Can tsakiya kirinjijiya ce garke guda, suna ta fito kamar layin 'yan koli. Kan ganyen bado kuwa akwai wata tsuntsuwa mai dogayen yatsu da ke taku ba ta nutsewa, domin yatsun sun raba nauyinta a kan ganyen.

Rana na ɗagawa Fulani za su kawo shanu shan ruwa, balbela na biye. Ita ce dillaliyar kara: ba ta da sa ko ɗaya, amma duk farar da kofato ya tayar la'adarta ce. Ɗan ƙararrawar kasuwa shi ne zakaran ƙeƙuwa, wanda da ya hango ka zai cika wuri da kururuwa. Shirwa na shawagi a sama kamar ɗan sane, jan-baki kuma, in suka sauka gonar shinkafa ko dawa dubbai, manomi ya san 'yan wawaso sun zo.

Amma armashin kasuwa fatake ne. Daga watan Oktoba, in sanyi ya kama Turai, ƙananan agwagi da tsuntsayen bakin taɓo masu siraran ƙafafu sukan ƙetaro teku da hamadar Sahara, su yi hunturu a nan, su juya wajen Maris ko Afrilu. Wasunsu na ɗauke da ɗan zobe a ƙafa wanda masu bincike suka sa musu a can, kamar takardar shaidar fatauci. Suna tafiya sai shamuwa ta iso da albishirin damina, ta yi sheƙa a itacen cikin gari, kaka na yi ta nufi kudancin Afirka. Rumfa ɗaya, 'yan cirani biyu, kowa da lokacinsa.

Ladabin wurin ma na kasuwa ne. Wanda ya shigo da hayaniya da nuna yatsa, tsada zai saya, don kowa zai tashi ya bar shi. Sa tufafi marasa ɗaukar ido, ka juya wa rana baya, ka nemi gindin itace ka zauna. Gaida masunta da masu lambu, domin su suka san wa ya zo bana, wa bai zo ba.

Kasuwa kuwa ba ta mutuwa rana ɗaya. Baƙo ne ke zuwa a cuce shi, baɗi ya sauya hanya. Gauraka, da dattawa suka saba gani a fadamun Arewa, yau ganinta a daji sai an dace, saboda kamu da sayarwa da ƙafewar fadamu. Wanke tankin feshi a bakin ruwa yana kashe kifi da ƙwarin da tsuntsaye ke ci. Sare itatuwan gaɓa rushe rumfuna ne. Yaro da danƙo, da mai ɗana raga, su ne masu tare hanya.

Maganin ba ya buƙatar kasafin biliyoyi. Kowace kasuwa tana da sarkinta, kowane ruwa yana da sarkin ruwa. In dagatai da masunta suka ware gefe guda na dam suka ce nan ba harbi, ba sara, ba wanke feshi, malaman firamare kuma suka riƙa kai yara da littafi da fensir su rubuta abin da suka gani, to a 'yan shekaru mutanen birni za su biyo titin Gwarzo ranar hutu su zo kallo, mai shayi da mai tsire na bakin hanya su ma su samu nasu.