Likitan Mata da Likitan Kowa-da-Kowa

Idan aka shigo da mace babban asibitin ƙaramar hukuma da tsakar dare, ta kwana biyu a kan gwiwa, wanda za a taso daga barci ba kasafai yake zama ƙwararren likitan mata ba. Galibi likitan kowa-da-kowa ne, wanda da safe ya duba tsoho mai ciwon suga, da rana ya ɗinke goshin ɗan acaɓa, da yamma ya sa wa yaro ƙarin jini. Shi zai wanke hannu ya shiga ɗakin tiyata, ko ya ce a nemi mota a wuce birni.

Tushen su biyun ɗaya ne. Shekara shida a jami'a, ko a Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Sai shekara guda ta sanin makamar aiki, inda sabon likita ke yin wata uku-uku a sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da ɓangaren mata da haihuwa. Sai bautar ƙasa. Daga nan hanya ke rabuwa. Ɗaya ya kama aiki da abin da ya sani. Ɗaya kuma ya koma asibitin koyarwa, ya sake zama ɗalibi na shekara biyar ko shida, wani lokaci fiye, yana kwana a ɗakin haihuwa yana fama da jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas ko ta Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. (Af, likitan mata ba lallai ne ya zama mace ba. Magidanta da yawa sai a bakin ƙofar ɗakin dubawa suke gano haka, ransu a ɓace.)

Wata uku da shekara shida ba a haɗa su a sikeli. Mahaifar da ta fashe, mabiyiyar da ta tare wa ɗa hanya, ƙarin da ya cika mara, sankarar bakin mahaifa, matar da ta shekara goma ba ɓatan wata: duk wannan gonar ƙwararre ce. Hannun da ya yi aiki sau ɗari ya san inda jini ke ɓuya. Ya kuma san lokacin da bai kamata a taɓa wuƙa ba, wanda shi ne ya fi wuyar koyo.

Sai dai ƙwararren yana asibitin koyarwa na Shika, yana asibitin Malam Aminu Kano, yana manyan birane. Mutuwar kuwa ba a can ta fi ɗauka ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma abubuwan da ke kashe su sanannu ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa. Tun 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya, ya nuna cewa mace-macen sun fi yawa, nesa ba kusa ba, cikin matan da ba su yi awo ba sai da abu ya ɓaci aka kwaso su. Irin waɗannan ba sa jiran tafiyar awa huɗu. Mai jijjiga allurar magnesium sulphate take bukata yanzu-yanzu. Mai zubar jini, oxytocin da leda biyu na jini. Wadda ɗa ya maƙale, a yi mata aiki a ciro shi. Babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin likitan kowa-da-kowa, in dai an koya masa da gaske.

Akwai ma inda yake da ido fiye da ɗan'uwansa, domin mace ba mahaifa ce kawai ba. Mai ciki na zuwa da zazzaɓin cizon sauro, da sikila, da hawan jini, da tarin fuka. A shekarun 1970 likitocin zuciya a Zariya suka lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da haki, zuciya ta gaza, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon zafi. Wanda ya saba sauraren ƙirji kullum shi zai fara jin wannan, alhali dangi suna cewa ai jiki ne ya yi kyau.

Aibin likitan kowa-da-kowa shi ne ƙarfin hali. Likitan da ya daɗe shi kaɗai a gari, babu mai ce masa ya yi kuskure, yakan riƙe abin da ya kamata ya tura gaba. Wasu masu yoyon fitsari naƙuda ce ta ja musu, wasu kuwa wuƙar da ba ta ƙware ba ce ta huda mafitsara. Asibitin Babbar Ruga na Katsina ya ga duka biyun. Abin mamaki, Dakta Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan da ya ɗaga sunan wurin, aikin kutare ne ya kawo shi a farkon shekarun 1980; matan da ya tarar ne suka mayar da shi gwanin ɗinkin yoyon fitsari, har ya koyar da ɗimbin likitoci.

Yanzu akwai hanya ta tsakiya, wato ƙwarewa a matsayin likitan iyali, inda ake horar da mutum kan yara da manya da tiyata da karɓar haihuwa gaba ɗaya. Ni dai da ni ke tura likitoci ƙauye, da ba takardarsa zan fara dubawa ba. Zan tambaye shi mata nawa ya yi wa aiki da hannunsa, babba na tsaye a kansa, sannan in tambaye shi lambar wane ƙwararre zai kira in jini ya ƙi tsayawa da ƙarfe biyun dare.