ROBERT DOWNEY JR: Jarumin Da Mahaifinsa Ya Miƙa Wa Wiwi Yana Ɗan Shekara Shida

A daren 10 ga Maris, 2024, aka kira sunan Robert Downey Jr a birnin Los Anjeles domin ya karɓi kambin Oska, saboda rawar da ya taka a fim ɗin Oppenheimer. Da ya hau dandamali, abin da ya fara cewa shi ne yana godiya ga mummunar ƙuruciyarsa, sannan ga waɗanda suka ba shi kambin. Jama'a suka fashe da dariya, don an san shi da barkwanci. Amma wanda ya san tarihinsa ya san ba wasa yake yi ba.

Mai karatu, idan ka kalli Iron Man ko Avengers, to ka san fuskarsa, shi ne Tony Stark mai rigar ƙarfe. Abin da ƙila ba ka sani ba shi ne, akwai lokacin da babu furodusan da zai yarda ya sa shi a fim ko da kyauta ne.

GIDAN DA YA TASO

An haifi Robert a Niyok ranar 4 ga Afrilu, 1965. Mahaifinsa, Robert Downey Sr, darakta ne mai shirya ƙananan finafinai, mahaifiyarsa Elsie kuma 'yar wasa ce. Yana da shekara biyar uban ya sa shi a fim ɗinsa mai suna Pound na 1970. Ka ga ke nan a lokeshin ya buɗe ido.

Sai dai gidan nasu gida ne da ƙwaya ta zama kamar ruwan sha. Yaron yana da shekara shida uban da kansa ya miƙa masa tabar wiwi ya ce ya zuƙa. Daga baya jarumin ya bayyana cewa duk lokacin da suka zauna shan ƙwaya shi da mahaifinsa, yakan ji kamar uban yana nuna masa ƙauna ne ta hanya ɗaya tilo da ya iya. Nan gizo ke saƙar. Yaron da ya koyi cewa maye shi ne kusanci da uba, ta yaya za ka ce masa maye guba ne ya yarda? Ba kuma uban kaɗai ba, mahaifiyar ita ma ta daɗe tana fama da giya kafin ta daina a 1990.

Auren iyayen ya mutu kafin ya cika shekara 14. Ya bi uban zuwa Kalifoniya, a 1982 kuma ya watsar da karatun sakandare ya koma Niyok neman wasa.

TAURARO DA RANA, MASHAYI DA DARE

Baiwa kam Allah Ya ba shi. A 1987 ya fito a Less Than Zero a matsayin ɗan masu kuɗi da hodar iblis ta halaka. An yaba masa ƙwarai, amma shi da bakinsa ya ce fim ɗin tamkar ya hango masa abin da ke jiransa ne a gaba. Soyayyarsa ta shekara bakwai da jaruma Sarah Jessica Parker ta watse a 1991 saboda shaye-shaye. A 1992 ya hau Chaplin, inda ya kwaikwayi sarkin barkwanci Charlie Chaplin, har ya shiga jerin 'yan takarar Oska yana ɗan shekara 27. A shekarar ya yi aure, a 1993 aka haifa masa ɗa namiji.

A 1996 asiri ya tonu. 'Yan sanda suka tare shi yana sharara gudu da mota, suka same shi da hodar iblis da hiroyin da bindiga maras harsashi. Ba a yi nisa ba, a cikin maye ya faɗa gidan maƙwabta ya kwanta a gadon yaronsu ya yi ta barci. Kai jama'a! Kotu ta sa masa sharaɗin zuwa gwajin ƙwaya a kai a kai. Ya saɓa a 1997, aka tura shi gidan yari na 'yan watanni. Ya sake saɓawa a 1999, alƙali ya yanke masa shekara uku. A gaban alƙalin ne ya kwatanta halinsa da na mutumin da ya cusa bakin bindiga a bakinsa, yatsansa na kan kunama, kuma yana jin daɗin ɗanɗanon ƙarfen.

Ya yi kusan shekara ɗaya a kurkukun Corcoran, aka sako shi a 2000. Nan da nan aka ɗauke shi a shirin talabijin na Ally McBeal, har ya ci kambin Golden Globe. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A Nuwamba 2000 aka kama shi da ƙwaya a ɗakin otal. A Afrilu 2001 aka tsince shi yana gararamba a titi ba takalmi. Masu shirin suka kore shi, matarsa ta riga ta kama gabanta da ɗansu, kotu kuma ta tura shi gidan gyaran hali.

WA ZAI TSAYA MASA?

A Holiwud ba a fara ɗaukar babban fim sai kamfanin inshora ya tsaya wa manyan 'yan wasa, don in jarumi ya ɓace ana tsakiyar aiki, asarar miliyoyin daloli ce. Kamfanonin suka ja baya da Robert. Wato ko darakta yana son sa, hannunsa a ɗaure yake.

Mel Gibson ne, wanda suka yi Air America tare a 1990, ya cire kuɗinsa ya tsaya masa aka yi The Singing Detective a 2003. Da zai hau Gothika a wannan shekarar, furodusa Joel Silver ya riƙe kashi 40 cikin 100 na kuɗin aikinsa, ya ce sai an kammala ɗauka lafiya zai biya. A lokeshin ɗin ne ya haɗu da Susan Levin, ɗaya daga cikin furodusoshin fim ɗin. Ta yarda da shi, amma ta gindaya masa sharaɗi: ko ita ko ƙwaya. Daga shekarar 2003 ake lissafin barinsa shaye-shaye, suka yi aure a Agusta 2005.

Kada mai karatu ya ɗauka soyayya kaɗai ce ta yi aikin. Ya riƙa ganin likitan ƙwaƙwalwa, ya shiga taron tsofaffin mashaya masu tallafa wa juna, ya kuma duƙufa koyon kumfu salon Wing Chun don ya saba wa jikinsa da horo. A hirarsa da Oprah Winfrey a 2004 ya ce fita daga irin wannan bala'i ba shi ne abu mai wuya ba, yanke shawarar fita shi ne mai wuyar.

RIGAR ƘARFE

Da za a yi Iron Man, manyan kamfanin Marvel sun yi ɗari-ɗari da shi, darakta Jon Favreau ne ya kafe sai shi. Fim ɗin ya fito a 2008 ya tara sama da dala miliyan 580. Daga 2013 zuwa 2015 mujallar Forbes ta sa shi a kan gaba cikin jaruman da suka fi samun kuɗi a duniya. A Disamba 2015 Gwamnan Kalifoniya Jerry Brown ya yi masa afuwa kan tsohon laifinsa.

Bai manta alheri ba. A 2011, lokacin da industiri ta juya wa Mel Gibson baya saboda nasa abin kunyar, Robert ya tsaya a bainar jama'a ya roƙi a yafe masa kamar yadda shi ma aka yafe masa.

Jarrabawa mafi zafi ta zo a 2014, da aka kama ɗansa na fari da hodar iblis. Abin da ya gada ya zagayo gidansa. Bai ɓoye ba, bai kuma kori yaron ba. Ya fito ya ce shaye-shaye ya yi yawa a zuriyarsu, kuma za su tsaya wa yaron har ya warke.

SHI DA MAHAIFINSA

Saura uban. Dattijon ya daɗe da amsa laifinsa, ya ce ba ƙaramin yaro wiwi wauta ce da mummunan kuskure. Da ciwon karkarwar jiki ya kwantar da shi, Robert ya kawo kyamara suka shirya fim a kan rayuwarsa, suka zauna suka taɓo maganar da ta daɗe tana cin su. Uban ya rasu a Yuli 2021 yana da shekara 85, fim ɗin mai suna Sr. ya fito a 2022. Babu zagi a ciki, babu kuma wanke laifi. Ɗa ne yana tambaya, uba yana amsawa iyakar ƙarfinsa.

Hausawa kan ce hali zanen dutse. Labarin wannan jarumi ya nuna zanen yana gogewa, sai dai da wuya. Ya ci masa aure ɗaya, da shekarun samartaka, da watanni a bayan kanta. Duk waɗanda suka taimake shi kuma ba su lallaɓa shi ba, kowa da sharaɗinsa ya zo.

A daren Oska ya gode wa Susan, wadda ya ce ta tsince shi kamar yasasshiyar dabba mai gurnani, ta so shi har ya dawo hayyacinsa. Ya gode wa lauyansa na shekara 40, wanda ya ce rabin shekarun ya ƙarar da su ne wajen nema masa inshora da karɓo shi beli.

Ga iyaye kuwa, musamman masu jan yaransu zuwa wurin sana'a tun suna ƙanana, abin lura ɗaya ne: abin da ka miƙa wa yaro da hannunka, a matsayin ƙauna zai karɓe shi. Zuƙa ɗaya aka ba Robert yana da shekara shida, sai da ya kai 38 kafin ya iya ajiye ta. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.