Girki da Kayan Lambun Kwarin Komadugu

Kogin Komadugu Yobe, wanda ya raba Nijar da Nijeriya kafin ya faɗa tafkin Cadi, shi ne ke shayar da lambunan Difa, inda ake noman tattasai da albasa da tumatir a lokacin sanyi, har amfaninsu ya kai garuruwan tudu irin su N'Guelbély. Girki da kayan lokaci, wato dafa abin da ƙasa ta bayar a daidai sa'ar da ya nuna, ya fi araha da ɗanɗano, domin da damina uwargida tana samun ɗanyar kuɓewa da yakuwa da zogalen da za ta yi kwaɗo ko dambu, da hunturu kuma jajjagen ɗanyen tattasai da tumatir yana ƙayata miya.

Ya kamata a wanke ganye kafin a yanka shi, a taƙaita dafuwarsa, a kuma rage kanwa, saboda doguwar tafasa da kanwa suna lalata sinadarin bitamin C mai ƙarfafa jiki. Abin da ya yi rara kuwa a shanya shi domin bazara, lokacin da ɗanyen kaya ke tsada.