Tsadar Kayan Miya da Muhimmancin Lambun Cikin Gida

Kayan miya, wato tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da sauran ganyayyakin da ake haɗa tukunya da su, sun daɗe suna cikin abubuwan da magidanci ba ya sa su a lissafin manyan hidimomin gida, domin a da kuɗin cefane kaɗan kan wadatar da iyali. A 'yan shekarun nan lamarin ya sauya, har ta kai iyalai da dama a biranen arewacin Nijeriya sun rage yawan tumatir a miya, wasu sun koma ga busasshensa da ake kira kauɗa, wasu kuma sun dogara ga na leda, duk da cewa mafi yawan tumatir ɗin da ƙasar ke ci a jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Filato ake nomawa.

Dalilan wannan tsada suna da yawa, kuma wasunsu sun girmi matsin tattalin arzikin da ake ciki. Na farko shi ne yanayin noman kansa, domin galibin kayan gwari noman rani ne da ake yi a fadamu da wuraren ban ruwa irin su Kadawa da Kura da Bunkure, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga. Kaya kan cika kasuwa a lokacin sanyi har farashi ya faɗi warwas, amma da zarar zafin bazara ya tsananta sai furen tumatir ya riƙa kakkaɓewa ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba, daga nan kuma damina ta shigo da cututtukan ganye, sai kwando ya yi tashin gwauron zabo a kasuwanni irin su 'Yankaba ta Kano. Rashin wuraren adana masu sanyi ya sa abin da ya yi yawa a watan Fabrairu yakan ruɓe, a kuma neme shi a watan Yuni a rasa. Na biyu shi ne tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ke shiga tsakanin fatar ganye ta cinye shi daga ciki, ta kuma huda 'ya'yan. A shekarar 2016 ta yi mummunar ɓarna har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan noman tumatir, kuma tun daga lokacin takan sake ɓullowa a wasu shekaru.

A kan waɗannan ne aka ɗora sababbin nawaya. Cire tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sun ninka kuɗin man da manomi ke zuba wa injin ban ruwa, da kuɗin takin zamani da iri da maganin feshi, da kuma kuɗin motar da ke kai kaya daga gona zuwa kasuwa. Rashin tsaro a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato ya raba manoma da yawa da gonakinsu. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a tsakiyar shekarar 2024 hauhawar farashin abinci, wato ƙarin da farashi ya yi idan aka kwatanta da daidai lokacin a shekarar da ta gabata, ta haura kashi 40 cikin 100. Illar hakan ta wuce aljihu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum, kuma idan cefane ya gagara, ganye ne farkon abin da ke ɓacewa daga kwanon yara da mata masu ciki.

Shuka a cikin gida ba baƙuwar al'ada ba ce a ƙasar Hausa, inda aka saba ganin zogale a kusurwar tsakar gida, kabewa na yaɗo a kan danga, kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki. Ko a shekarar 1976, shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ya kwaɗaitar da ma'aikata da makarantu su yi lambu a duk filin da suka samu. Abin da ya sauya shi ne gidajen birni sun ƙuntata, an kuma daɓe tsakar gida da siminti, wanda hakan ya sa noman buhu ya dace da wannan zamani. Noman buhu shi ne a cika tsohon buhun shinkafa ko na taki, ko fasasshen bokiti, da ƙasa mai kyau da aka cakuɗa da ruɓaɓɓen takin dabbobi, a huda ƙasansa domin rarar ruwa ta fita, a ajiye shi inda zai riƙa samun rana kimanin awa shida a wuni. Ɗanyen kashin kaji kan ƙona saiwa, saboda haka ana barinsa ya ruɓe tukuna.

Hikimar lambun gida tana cikin zaɓin abin da za a shuka. Ganye shi ya fi saurin biyan mai shi: alayyafo kan isa yanka cikin makonni uku zuwa huɗu, kuma idan aka yanke samansa aka bar gindin sai ya sake tofowa, haka ma lalo da rama da yakuwa. Kuɓewa kan fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu, tana kuma ƙara bayarwa muddin ana tsinkarta tun tana ƙarama. Zogale, wanda ake iya dasa reshensa kai tsaye, yana buƙatar a riƙa datse kansa domin ya yi rassa a inda hannu zai kai. Attaruhu yana da jinkiri amma yakan daɗe yana haihuwa. Tumatir kuwa ya fi kowanne laulayi, saboda haka ya fi dacewa a rene shi a ɗan kwano na makonni uku zuwa huɗu, a dasa shi a farkon sanyi, a kafa masa sanda ya jingina. Albasa da ake ci da yawa a kullum tana buƙatar filin da gidan birni ba shi da shi, don haka sayenta lokacin kakarta a adana a wuri mai iska ya fi riba.

Ruwa shi ne babban ƙalubale a unguwannin da ake sayen jarka daga 'yan garuwa, amma ruwan alwala da na wankin shinkafa da na wankin ganye duk suna raya shuka idan aka tara su, aka yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, aka kuma rufe bakin buhun da busasshiyar ciyawa domin danshi ya daɗe. Ruwan kwata da mai yawan sabulu ba su dace da abin da za a ci ba. Ƙwari kuwa ana rage su ta hanyar duba bayan ganye akai-akai, da cire wanda ya kamu, da fesa ruwan jiƙon ganyen darbejiya, sannan a yi ɗan shinge saboda kaji da awaki.

Buhu goma a tsakar gida ba za su raba iyali da kasuwa ba, kuma ba za su ɗauke wa hukuma nauyin samar da tsaro da gyaran madatsun ruwa da wuraren adana amfanin gona ba. Sai dai Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma gidan da ke tsinkar ganyen miyarsa sau uku a mako ya sami rarar kuɗin da zai sayi abin da ba zai iya nomawa ba. Ya kamata kowane magidanci da uwargida su fara da buhu biyu ko uku na alayyafo da kuɓewa, su sa yara cikin aikin ban ruwa, su riƙa ƙarawa gwargwadon ruwa da filin da Allah ya hore musu.