Yadda Ake Ɗaga A-Kori-Kura a Gida Don Sauya wa Tayoyinta Wuri Ba Tare da Haɗari Ba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Jere, ta ratsa Kagarko, ta nufi Kwoi da Kafanchan a lokacin haƙar citta, ya san irin bautar da a-kori-kura ke yi wa mutanen wannan yanki. Ita ke shiga gona ta kwaso buhunan citta da masara da doya, ita ke kai su kasuwar Kubacha, ta komo da taki da siminti, wani lokaci har da fasinja a bisa kaya. Tun sa'ad da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975 a-kori-kura ƙirar 404 da 504 suka zama jakunan manoma da 'yan kasuwa, daga baya Toyota Hilux da ire-irenta suka karɓe su. To, dukan wannan nauyi tayoyi huɗu ne ke ɗauke da shi, taya kuwa ba ta da araha. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, saboda haka yawancin tayoyin da muke saye daga ƙasashen waje ake kawo su.

Akwai hanya mai sauƙi da mai mota zai ƙara wa tayoyinsa kwana, watau ya riƙa sauya musu wuri a kai a kai. Aiki ne da mutum zai iya yi a ƙofar gidansa. Amma lalle a sani, aikin yana bukatar a ɗaga mota, a-kori-kura ta zamani kuwa nauyinta ya kusa tan 2 ko da babu kaya a cikinta. Idan ta suɓuce ta faɗo wa mutum a hannu ko a ƙirji, ba ta ba shi damar ja da baya. Domin haka ne aka rubuta wannan bayani.

Dalilin Sauya wa Tayoyi Wuri

Tayoyin mota ba sa cinyewa daidai da juna. Na gaba su ne ke juyawa da sitiyari, suna ɗauke da nauyin inji, kuma su ke shan yawancin ƙarfin birki, don haka gefunansu ke fara suɗewa. Na baya su ne ke tura motar, su ne kuma ke tallafe da kaya. Bugu da ƙari, tun da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, tayoyin dama ne ke bin bakin titi, inda kwalta ta fi gutsurewa, ramuka suka fi yawa. In aka bar kowace taya a wurinta har abada, biyu za su mutu alhali biyu suna da sauran rai. In kuwa ana zagayawa da su bayan kowace tafiyar kilomita 8,000 zuwa 10,000, sai su tsufa tare, motar kuma ta fi kama hanya, musamman da damina. Wanda ke da littafin motarsa ya duba, abin da maƙeranta suka faɗa shi ne abin bi.

Wuri da Kayan Aiki

Abu na farko shi ne ƙasar da za a tsai da motar. A nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, wanda ba shi da gangare ko kaɗan. Daɓen siminti ya fi kowane kyau. A kudancin Kaduna ruwan sama yana da yawa, kuma ƙasar da ta sha ruwa jiya tana iya zama kamar ta bushe a sama alhali ƙarƙashinta laka ce. Jak yana tara nauyin mota a kan ɗan wuri da bai fi tafin hannu ba, sai ya riƙa nutsewa a hankali, ya karkace, mutum bai lura ba. Idan babu daɓe, a shimfiɗa katako mai faɗi da kauri a ƙarƙashin jak. Kada a yi aikin a bakin titi, kada a yi shi da dare da hasken tocila.

A sauke kaya duka kafin a fara. Buhu ko guda ɗaya kada a bari, kuma kada kowa ya zauna a ciki. A kawar da yara da dabbobi daga wurin, domin babu abin da ke jan hankalin yaro kamar ƙarƙashin motar da aka ɗaga.

Kayan da ake bukata su ne jak wanda ƙarfinsa ya kai nauyin motar (ana rubuta yawan tan ɗin da yake ɗauka a jikinsa), da sifanar taya wadda ta yi daidai da noti, da waigi aƙalla biyu, da safaya mai iska, da kuma matokari, watau ƙarfen nan mai ƙafafu da makanikai ke tokare mota da shi. A kan wannan matokari ya kamata a tsaya a yi magana, don a nan ne mutane da yawa ke yin ganganci.

Jak an yi shi ne don ya ɗaga mota, ba don ya riƙe ta ba. Jak mai aiki da mai, 'yar roba ce a cikinsa ke tare man. In ta tsufa ko ta tsage, sai ya sauka, wani lokaci sannu sannu, wani lokaci gaba ɗaya. Mai zare kuma gindinsa ƙarami ne, girgiza kaɗan ta ishe shi ya kife. Saboda haka da zarar an ɗaga motar sai a sa matokari a ƙarƙashin shasi, a sassauta jak har nauyin ya sauka a kansa. Sau da yawa akan ga mota a ɗore bisa bulon siminti ko tulin duwatsu. Wannan kuskure ne babba. Bulo yana da rami a ciki, yakan kuma farfashe farat ɗaya ba tare da wata alama ba, duwatsu kuwa zamewa suke yi a kan juna. Wanda bai sami matokari na ƙarfe ba, ya nemi gungumen icce mai tauri guda ɗaya, mai faɗin gindi, wanda aka yanke samansa da ƙasansa daidai, babu tsagewa babu gara. In wannan ma ya gagara, to, ya kai motar wurin mai faci ya biya ɗan abin da za a biya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da Birkin Hannu Ba Ya Yi

Direbobi da dama suna zaton in sun ja birkin hannu sun sa giya, shi ke nan mota ta kafu. A lura da kyau: a a-kori-kura birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa. Giya ma tayoyin baya take riƙewa, tun da su inji ke juyawa. Ke nan da zarar an ɗaga ƙafar baya daga ƙasa, rabin abin da ke riƙe da motar ya tafi, in aka ɗaga duka biyun kuwa babu abin da ya rage, tayoyin gaba sai su gangara yadda suka ga dama, motar ta zame daga kan jak. Maganin wannan shi ne waigi. Tsofaffin yaran mota da ke dirowa da waigi a hannu duk inda babbar mota ta tsaya a kan tudu sun san abin da suke yi. A sa waigi gaba da bayan tayar da ke kusurwar da ke daura da wadda za a ɗaga: in za a ɗaga ta baya ta dama, a tare ta gaba ta hagu. Duk da haka a kashe inji, a ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya, ko a kai ta kan P in motar mai sauya giya da kanta ce.

Ɗagawa da Sauyawa

Kafin tayar ta bar ƙasa, a sassauta notocinta kaɗan, kamar rabin juyi. In aka bari sai tana sama sa'an nan aka fara kokawa da notin da ya cije, wannan jijjigar ce ke tuɓe mota daga jak. A kafa jak a wurin da maƙera suka nuna. A yawancin a-kori-kura, a gaba ƙarƙashin shasi ne bayan taya, a baya kuwa ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa ƙafafun biyu, kusa da sifirin. Kada a kafa shi a jikin bodi, ko matakala, ko tankin mai, ko gindin inji. A ɗaga har tayar ta rabu da ƙasa da kamar yatsa biyu, a tokare, sa'an nan a ɗan girgiza motar da hannu. In ta motsa, a sauke a sake shiri. Tayar da aka cire a kwantar da ita a ƙarƙashin shasi har a gama, domin in wani abu ya faru ta tare motar. Ko da hakan, kada a shigar da kai ko ƙafa ƙarƙashi. Aikin taya daga gefe ake yinsa.

Ga motar da ke tafiya da ƙafafun baya, ko mai jan ƙafa huɗu, tsarin shi ne tayoyin baya su zo gaba kai tsaye, kowace a gefenta, na gaba kuma su koma baya a gicciye. Mai jak ɗaya da matokari ɗaya zai iya gama wannan da taimakon safaya, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya cire ta gaba ta hagu ya ɗaura safaya a wurinta, ya sauke. Ya kai wadda ya cire baya ta dama. Wadda ta fito daga baya ta dama ta tafi gaba ta dama. Ta gaba ta dama ta koma baya ta hagu. Ta baya ta hagu kuma ita ce za ta karɓi safaya a gaba ta hagu. Ɗagawa biyar ke nan, kuma a kowace sai an matsar da waigi zuwa kusurwar da ta dace. Yana da kyau a rubuta wa kowace taya wurinta da alli kafin a fara, don mantuwa ba ta da wuya. Amma in a gefen tayar akwai alamar kibiya mai nuna inda za ta riƙa juyawa, irin wannan ba a gicciya ta. Gaba da baya kawai ake sauya ta a gefe guda.

Wajen mayarwa, a goge laka da tsatsa daga inda wili ke zama. A ɗaura kowane noti da hannu tukuna, don kada zare ya hau karkace, kuma kada a shafa masa mai ko giris. A ɗan matse su, a cire matokari, a sauke motar, sa'an nan a ƙarasa ɗaurewa, ba bi da bi ba, a riƙa tsallakawa daga noti zuwa na daura da shi, don wili ya zauna daidai. Al'adar nan ta hawa kan sifana da ƙafa ana tsalle, ko ƙara mata dogon bututu, tana miƙar da ƙusoshin har wata rana su karye a kan hanya. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake gwada notocin.

Tun da Tayar Tana Hannu

Wannan ce damar duba ta ciki da waje. A cikin zanen taya akwai 'yan tuddai da maƙera suka sa. In zanen ya cinye har ya zo daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama aiki. Kumburi a gefe, ko tsagewa, ko waya da ta leƙo, duk alamu ne na tayar da za ta iya fashewa, sauya wuri kuwa ba ya warkar da ita. In gefe ɗaya kawai ke cinyewa, saitin ƙafafun gaba ne ya ɓaci, a kai wa makaniki. A duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, watau 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi game da tsofaffin tayoyi da na gwanjo, domin roba tana bushewa da shekaru ko da zanenta yana nan kamar sabo.

Saura iska. A yawancin a-kori-kura iskar da ake sa wa tayoyin baya idan za a ɗauki kaya ta fi ta gaba, don haka tayar da ta sauya wuri sai an sake auna ta. Adadin yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin motar. A auna da safe kafin motar ta yi tafiya, tun tayoyin suna da sanyi, a haɗa har da safaya kafin a mai da ita mazauninta.