Garehul Da Maganin Kitsen Jini: Kalmar Da Ke Rikita Masu Karanta Wa Kaka Takarda

A gidaje da yawa a Kangire da ƙauyukan da ke kewaye, idan Baba ko Kaka suka dawo daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da ledar magani, ɗan sakandaren gidan ake ƙwala wa kira: "Zo ka duba mana abin da aka rubuta." Shi ne mai Turancin gidan, don haka duk abin da ya faɗa shi za a bi. Wannan aiki ya fi ƙarfin yadda muke ɗaukarsa, musamman idan a cikin ledar akwai maganin rage kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolestarol.

A takardar da ake naɗewa cikin kwalin wasu daga cikin waɗannan magunguna akwai gargaɗin kada a haɗa su da grapefruit. Nan ake yin tuntuɓe. Wani ɗalibin zai ga rabin kalmar ya ce, "Kaka, an hana ki cin inabi." Wani kuma zai ce lemo aka hana. To wane lemon? A bakinmu lemo ya haɗa na zaƙi, da na tsami, har da na kwalba. Na farko ya bar haɗarin a inda yake, na biyu ya raba tsohuwa da lemon zaƙinta babu gaira babu dalili.

Abin da ake nufi shi ne garehul, ɗan uwan lemo wanda ya fi lemon zaƙi girma, ɓawonsa ruwan ɗorawa, cikinsa fari-fari ko ja-ja, ga tsami ga ɗaci. Masu sayar da kayan marmari da yawa a Nijeriya "girep" kawai suke ce masa, abin da ya ƙara dagula lissafin. Inabi kuwa ko dangi ba su haɗa ba.

Yadda aka gano matsalar ma abin mamaki ne, domin ba ita aka fita nema ba. A shekarar 1989 wani masanin magunguna a birnin Landan na ƙasar Kanada (ba ta Ingila ba), David Bailey, yana binciken yadda barasa ke shafar wani maganin hawan jini mai suna felodipine. Yana so kada waɗanda ake gwajin a kansu su gane ko akwai barasa a kofinsu, sai ya nemi abin da zai ɓoye ɗanɗanonta, ya tarar ruwan garehul ya fi komai iyawa. Da aka auna jininsu sai aka ga maganin ya taru fiye da yadda ake tsammani. Bailey ya sake gwadawa a jikinsa, sau ɗaya da ruwa, sau ɗaya da garehul, ya tabbatar garehul ɗin ne mai laifi. Masu son wasanni ga ƙari: shi ne ɗan Kanada na farko da ya gudu mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu, a 1966.

Ku tuna darasin narkewar abinci. Ƙwayar magani idan an haɗiye ta sai ta bi ta ƙananan hanji, ta ratsa hanta, kafin ta watsu cikin jini. A bangon hanjin da cikin hanta akwai wani inzayim mai suna CYP3A4, wanda ke tsaye kamar mai gadin ƙofa yana farfasa kaso mai yawa na maganin. Ga simvastatin, ɗaya daga cikin magungunan kitsen jini da aka fi sani, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne ke tsira ya kai ga jinin da ke zagaya jiki. Masu haɗa maganin sun san da wannan, da shi suka yi lissafin yawan da za a sha.

Garehul yana ɗauke da wasu sinadarai da ake kira furanokumarin, waɗanda ke lalata mai gadin da ke hanji. Ƙofa ta zama a buɗe ke nan. Kaka ta sha ƙwaya ɗaya kamar kullum, amma jikinta ya karɓi kamar ta sha uku ko fiye. An gwada: kofi ɗaya na ruwan garehul a kullum har kwana uku ya ninka yawan simvastatin a jini fiye da sau uku. Kuma dabarar nan ta "a sha garehul da safe, magani da dare" ba ta fitar da mutum, domin sai jiki ya ƙera sabon inzayim, aikin da kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku.

Idan maganin ya yi yawa a jini, tsoka ce ke fara biya. Mutum zai ji ciwon jiki da kasala, cinyoyi da kafaɗu su yi nauyi. A wurinmu wa zai kawo magani a ransa? Za a ce gajiyar gona ce, ko sanyi, ko tsufa. A yanayi mafi muni, wanda ba kasafai yake faruwa ba, tsokar kan fara ruɓewa, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya cutar da ƙoda. Alamarsa fitsari ya koma launin baƙin shayi. Wanda ke shan maganin ya ga haka tare da ciwon tsoka, asibiti ne a ranar, ba sai gobe ba.

Ba duka magungunan ne abin ya shafa ba. Simvastatin da lovastatin su ne kan gaba, atorvastatin na biye da su da sauƙi-sauƙi. Rosuvastatin da pravastatin kuwa ba su dogara da wannan inzayim ba, shi ya sa likita kan iya sauya wa mutum zuwa gare su. Likita ne mai sauyawa. Daina sha don tsoro ya fi garehul ɗin haɗari, saboda waɗannan magunguna su ke rage barazanar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

A ɓangaren lemo kuma, lemon zaƙin da ake kawo mana daga Binuwai, wanda ake feraye wa a tasha, ba ya cikin wannan magana. Kaka ta sha abinta. Waɗanda ke da irin sinadaran garehul su ne lemon nan mai ɗaci da Turawa ke haɗa abin shafa wa burodi da shi, da wani ƙaton ɗan uwansa mai suna pomelo, sai kuma lemon tsami, musamman a ɓawonsa. Matsa ɗan lemon tsami a kunu ko a zoɓo daban yake da abin da ake yaɗawa a WhatsApp, cewa a dafa lemon tsami da ɓawonsa, wani lokacin har da "girep", a sha kofi-kofi kullum don "narkar da kitse". Wanda aka fi tura wa wannan saƙo shi ne mai matsalar kitsen jini, wato wanda ya riga yake shan maganin. Duk wani haɗi irin wannan, a faɗa wa likita ko mai ba da magani kafin a fara.

Maganar ba ta tsaya a kitsen jini ba. A 2012 Bailey da abokan aikinsa sun lissafa magunguna fiye da 85 da garehul ke shafa, 43 daga ciki na iya jawo mummunar illa. Nifedipine na hawan jini, wanda dattawanmu da yawa ke sha, yana cikin waɗanda ake gargaɗi a kansu.

Kwalin magani yakan ɗauki suna biyu: wanda kamfani ya raɗa, da manyan baƙaƙe, da sunan ainihin maganin, da ƙanana a ƙarƙashinsa. Na ƙasan za ku duba. Idan ya ƙare da "statin", ku buɗe takardar ciki ku nemo wurin da aka yi maganar abinci da abin sha, ku karanta wa Kaka da sunan abin daidai: garehul. In ba ta san shi ba, ku nuna mata hotonsa a waya.